Awa Saba'in da Biyu

A Leipzig ƙarfe biyar ba ta cika ba duhu ya sauka.
Taragon lantarki yana ajiye ni
a ƙofar ginin da a da ake ɗab'in littattafai.
Mu goma sha huɗu ne a hawa na uku,
kowa da gajiyar wuni rataye a wuya,
muna koyon riƙon abin da ba namu ba.

Shekaruna arba'in da tara.
Ashirin daga ciki a ɗakin fayil na asibiti na cinye su,
ina jera cututtukan mutane bisa haruffa.
Da aka kwashe takardun aka zuba wa na'ura
sai aka ce: ko ki kawo shaidar ƙwarewa, ko ki huta.
Ban gaji ba. Na sayi biro uku.

Malaminmu Zschunke sai ya yi tari kafin kowace doka.
In bayanai suka tsiyaye, in ji shi,
awa saba'in da biyu gare ku ku sanar da hukuma.
Kada ku karɓi abin da ya wuce bukata.
Shiru ba yarda ba ce.
Tjark, saurayin da ke gefena,
yana haddace lambobin sassa kamar mai ƙirga canji.
Ni a sashe na goma sha bakwai na maƙale,
inda aka ba mutum ikon cewa a goge shi.

Don na san wadda ba a goge ba.

Bayan faɗuwar katanga mahaifiyata Irmtraud
ta nemi ganin abin da 'yan leƙen asiri suka tara a kanta.
Shafi ɗari biyu da sha ɗaya.
Ba ta ce mini uffan ba.
Sai da ta rasu na same su cikin gwangwanin biskit,
ƙarƙashin zare da maɓallai.

Talata ta shanya fararen riguna biyu.
Wasiƙa ta zo daga ƙanwarta ta Hamburg, ta yi kuka a matakala.
Tana rage muryar rediyo bayan ƙarfe tara.
Mai rubutun ya san inda muke ɓoye makulli.
Ya san ni ma:
yarinyar tana da surutu, a riƙa jan ta da hira.

Shekaruna bakwai.
Alewar lemo yake ba ni a bakin ƙofa,
ni kuwa in zazzage masa gidanmu kaf.
Magana zarar bunu.
Awa nawa aka ba wa yarinyar da ta tsiyaye,
kuma wace hukuma za ta je ta sanar?

Ranar jarrabawa aka karɓe wayoyinmu,
aka gwada fuskata da ta jikin kati, aka yi jinkiri kaɗan.
Tambaya ta talatin da ɗaya:
wani kamfani yana tara bayanan yara ba da sanin iyayensu ba.
Amsoshi huɗu a jere.
Na daɗe ina kallonsu har allon ya dushe,
na taɓa shi, na zaɓi ta uku, na wuce.

Takardar ta iso cikin ruwan sama, gefenta ya jiƙe.
Ga hatimi, ga sunana, Henrike Pötzsch,
ga ranar da za ta daina aiki in ban sabunta ba.
Ban kafa ta a bango ba.
Tana cikin gwangwani, a saman shafukan nan.

Jiya babban likita ya leƙo ofishina da kofi a hannu.
Yana so ya ɗan duba fayil ɗin wata ma'aikaciyar jinya,
minti ɗaya kawai, ai mu da mu ne.
Ya yi murmushi irin wanda na sani tun ina ƙarama.

Na ture kofin gefe don kada ya zube a kan takardu,
na ce: don me?